Binciken jan ƙarfe ba lasisin sayar da kofin bola ba ne

Jama'a masu sauraro, a 'yan kwanakin nan wani saƙon murya na ta yawo a wayoyin mutane daga Gusau har Talatar Mafara, inda mai maganar ke cewa masana a Turai sun tabbatar jan ƙarfe na kashe ƙwayoyin cuta, don haka wai duk wanda ya sa munduwar tagulla ko ya riƙa sha da kofin tagulla ya yi ban kwana da taifod da amai da gudawa. Abin da ya fi ɓata rai shi ne rabin farko na maganar gaskiya ne, kuma da wannan rabin ake sayar wa talaka ƙaryar da ke biye.

Binciken yana nan, ba mai musun sa. Farfesa Bill Keevil na Jami'ar Sawuthamton da ke Ingila ya shafe shekaru yana nuna cewa idan ƙwayar cuta ta sauka a kan jan ƙarfe, sinadarin ƙarfen kan huda fatarta, ya shiga ciki, ya lalata ƙwayoyin halittarta. A shekarar 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi rajistar wasu nau'o'in jan ƙarfe da gaurayensa, bisa hujjar cewa suna kashe kashi 99.9 cikin ɗari na wasu ƙwayoyin cuta cikin awa 2. A 2013 an wallafa sakamakon gwaji a ɗakunan kulawa ta musamman na asibitoci 3 a Amurka, inda kamuwa da cuta a asibiti ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a ɗakunan da aka sa wa kayan jan ƙarfe, ko da yake wasu masana sun ce gwajin ya yi ƙanƙanta. A 2020 kuma aka ga ƙwayar cutar korona ba ta wuce awa 4 a kan jan ƙarfe, alhali takan kai awa 72 a kan roba.

To, amma me aka gwada? Mariƙin ƙofa aka gwada, da ƙarfen gefen gadon majiyyaci, da sandar rataya ƙarin ruwa, da kan famfo, wato wuraren da hannun malamar jinya da na mai jinya ke taɓawa dare da rana. Ba a gwada munduwa a wuyan hannu ba, kuma ba wanda ya ce ƙarfe a jikin mutum zai bi ƙwayar taifod cikin hanji ya kashe ta. Ita kanta hukumar ta Amurka ta gindaya sharaɗin cewa jan ƙarfe ƙari ne a kan share-share da wanke hannu, ba ya maye gurbinsu, kuma idan aka shafa masa fenti aikin ya tsaya.

Masu tallar za su ce ai a Indiya an ajiye ruwa a tukunyar jan ƙarfe ƙwayoyin kwalara sun mutu. Haka ne, amma ruwan ya kwana ne na awa 16, kuma masu binciken sun san ƙarfen da suka yi aiki da shi. Kofin da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa fa, wa ya san abin da ke cikinsa? Tsofaffin famfuna ne da makullai da tarkacen injuna 'yan bola jari ke tattarowa a narka, kuma sanannen abu ne cewa masana'antu kan zuba dalma a cikin irin wannan tagulla domin ta yi sauƙin sarrafawa. Ido ba ya gane dalma a cikin kofi, ƙyallinsa ma ba ya raguwa. Idan aka zuba masa kunun tsamiya ko zoɓo ko nono, tsamin yana zaƙulo ƙarfen ya shiga abin sha, har shi jan ƙarfen zalla idan ya yi yawa a ciki yakan jawo tashin zuciya da amai.

A Zamfara ne za a tallata wa mutane ƙarfen da ba a auna ba? A jihar da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka riƙa niƙa duwatsun zinare a tsakar gida yara na wasa a cikin ƙurar? Iyayen Bagega sun ga 'ya'yansu na jijjiga, wasu da suka rayu kuma har yau ƙwaƙwalwarsu ba ta dawo daidai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, mu kuwa ga shi ana miƙo mana kofin da ba a san asalinsa ba ana cewa magani ne.

Hukumar NAFDAC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON suna da hurumin ɗaukar waɗannan kofuna su auna dalmar da ke cikinsu, kuma jama'a na da haƙƙin jin sakamakon a rediyo da harshen Hausa. Idan ma'aikatar lafiya na son cin moriyar binciken, to ta fara da mariƙan ƙofofi da gadajen ɗakunan haihuwa, da ƙarfen da aka tantance, bayan ta tabbatar akwai ruwa da sabulu a kowane ɗaki. Kafin a yi wannan awo, kada uwa ta zuba wa yaro kunu a kofin da ba ta san inda aka narka shi ba.