Mumbarin da Babu Kowa a Kansa

Assalamu alaikum masu sauraronmu, na cikin birni da na Sabon Gari, na Samaru da Kongo har zuwa Shika.

Daren Asabar, 19 ga Janairun 2019, ina zaune a teburin wani mai shayi a Tudun Wada. Hunturu ya sauka sosai, kowa ya naɗe kunnuwansa. Mai shayin ya ta da ɗan janaretonsa, ya ɗora talabijin a kan wani tsohon akwati, mutane kusan ashirin suka kewaye ta domin kallon muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa da ake yi a otal ɗin Transcorp Hilton a Abuja. Mumbari biyar aka jera. Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye suka hau nasu. Shugaba Muhammadu Buhari bai zo ba. Alhaji Atiku Abubakar ya iso otal ɗin, amma da ya tabbata Buhari ba ya nan sai ya ƙi hawa, ya juya.

Daga nan teburin shayi ya rabu biyu. Waɗannan na cewa Buhari ya gudu, waɗancan na cewa Atiku ne ya zo ya kasa tsayawa. Aka yi ta musu har ruwan butar ya huce. Can wani dattijo da ke gefena, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, kai da kake aikin rediyo, waɗannan ukun da suke magana, me suka ce a kan fansho?" Na ce, "Wallahi Baba ban ji ba." Babu kuma wanda ya ji a teburin nan. Mutum uku sun tsaya suna bayani, mu kuwa hankalinmu na kan mutum biyun da ba sa wurin.

Dabarar ke nan, kuma ba a Najeriya kaɗai ake yin ta ba. A Janairun 2016, Donald Trump ya ƙi zuwa muhawarar da gidan talabijin na Fox News ya shirya a jihar Iowa ta Amurka, bayan rigimarsa da 'yar jaridar gidan, Megyn Kelly. A wannan daren, a garin da ake muhawarar, ya haɗa nasa taron na tara wa tsoffin sojoji kuɗi, kyamarori suka bi shi can. Bai ci zaɓen fidda gwani na Iowa ba, Ted Cruz ne ya ci, amma sunansa ne ya cika bakin mutane. A Agustan 2023 ya sake: abokan takararsa na jam'iyyar Republican suna muhawara a Milwaukee, shi kuma ya saki hirarsa da Tucker Carlson a shafin X. Bai halarci ko ɗaya daga muhawarorin fidda gwanin nan ba, kuma shi ya samu tikiti. A Kenya, Uhuru Kenyatta ya bar Raila Odinga shi kaɗai a dandamali a 2017. Da 2022 ta zo, Raila ne ya bar William Ruto shi kaɗai.

Lissafin masu ba su shawara ba ɓoyayye ba ne. Wanda yake ganin yana gaba, me zai samu in ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda ke bayansa? Ya ɗaga darajar abokin hamayya, ga kuma haɗarin suɓutar baki ɗaya da za a yanka a yi ta yawo da ita a WhatsApp har ranar zaɓe. In ya zauna a gida kuwa, washegari kowace jarida da sunansa za ta buɗe. Ya samu talla ba tare da ya biya ko kwabo ba, ba tare da ya amsa tambaya ko ɗaya ba.

A nan gida abin ya zama gado. A Maris ɗin 2011 gidan talabijin na NN24 ya shirya muhawara, Kadaria Ahmed ce ta jagoranta. Janar Buhari ya zo, Malam Nuhu Ribadu ya zo, Malam Ibrahim Shekarau ya zo, kuma duk wanda ya kalla yana tuna yadda Malam Shekarau ya yi fice a daren. Shugaba Goodluck Jonathan bai zo ba. Da aka shirya wata bayan kwanaki, su ukun suka rama, Jonathan ya tsaya shi kaɗai. A 2015 Buhari ya ƙaurace. A 2022 Bola Tinubu ya ƙi zuwa taron tambayoyi na gidan talabijin na Arise, ya tafi Chatham House a Landan, a can ma wasu tambayoyin ya miƙa wa 'yan tawagarsa su amsa. Ku duba: zaɓe huɗu a jere, 2011 da 2015 da 2019 da 2023, kuma a kowanne wanda ya ci bai tsaya gaba da gaba da babban abokin takararsa ba. Alhali a 1993, ƙarƙashin mulkin soja, Abiola da Bashir Tofa sun tsaya a NTA sun fafata ƙasa na kallo.

Hujjar da suka fi kawowa ita ce masu shirya taron suna da ɓangare. Jam'iyyar APC ta faɗi haka a 2015. Sanata Rabi'u Kwankwaso ya faɗi irin ta a Oktoban 2022, lokacin da ya ƙi zuwa zaman tattaunawa da 'yan takara da aka shirya a Arewa House, Kaduna. Ba na raina wannan ƙorafi, domin wani lokaci da ƙamshin gaskiya a cikinsa. Sai dai ɗan damben da bai yarda da alƙali ba, neman a sauya alƙali yake yi, ba ya kwance zarensa ya koma gida ya aiko makaɗa su yi masa kirari.

Kirarin kuwa shi muke samu a wurin gangami. An cika fili da motocin haya, mawaƙi ya yi waƙa, maroƙi ya yi roƙo, ɗan takara ya yi maganar minti goma ya ɗaga hannu ya shiga mota. Babu mai tsayar da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane kuɗi? Daga wane wata?" Wannan tambaya ta biyu, wadda ake yi bayan an ji amsar farko, ita ce amfanin muhawara, kuma ita ake gudu.

Mun ga abin da rashinta ke jawowa. Kafin zaɓen 2023, Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun ce za su cire tallafin mai. Ba a taɓa tara su wuri ɗaya an titsiye su ba a kan yaushe, ta wace hanya, kuma me za a yi wa talaka a watannin farko. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya sanar da cire tallafin, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a nan Arewa. Ɗan acaɓan Kwangila da mai kai tumatir kasuwa daga Hunƙuyi a gidan mai suka ji amsar.

Mu ma 'yan jarida muna da hannu, kuma ni da nake magana ina ciki. Idan ɗan takara ya ƙi zuwa, mukan ɓata mako guda muna tattauna ƙin zuwansa, muna gayyato kakakinsa ya zo ya kare shi, mu ba shi minti talatin na iska kyauta. Waɗanda suka zo suka tsaya aka tatse su, layi biyu muke ba su a ƙarshen labarai. Da hannunmu muke biyan wanda ya guje mana. Ga kuma matsalar harshe: duk manyan muhawarorin nan da Turanci aka yi su, alhali miliyoyin masu jefa ƙuri'a a Arewa da Hausa suke sauraron labarai, a rediyo.

Babu dokar da ta tilasta wa ɗan takara zuwa muhawara, kuma ba na sa ran waɗanda suka ci moriyar ƙin zuwa su ne za su kafa ta. Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. A zaɓe mai zuwa, in ɗan takara ya ƙi amsa gayyata, a faɗi haka sau ɗaya a wuce. A ba waɗanda suka zo lokacinsa. A karanta tambayar da aka tanadar masa da babbar murya, a fassara ta da Hausa, a ce ba a samu mai amsawa ba.

Zazzagawa kuwa tambayoyinsu a shirye suke. Uwar da ɗanta ya zauna a gida wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malaman jami'a, tana son ta ji abin da zai hana a maimaita. Direban da ke bin hanyar Kaduna zuwa Abuja da addu'a a bakinsa yana da tasa. Manomin da ya bar gonarsa a Giwa ya dawo cikin gari yana da tasa. Ku rubuto mana su, ko ku kira a shirinmu na safe, mu fara tarawa tun yanzu. Ta farko a jerin ita ce ta Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a kan fansho.

Wassalamu alaikum.