Daga Jidda: Riyal Na Nan Inda Yake, Naira Fa?

Assalamu alaikum 'yan uwana na Katsina da Daura. Ku dubi allon nan da ke bayana, na shagon canji ne a nan Jidda. Dala ɗaya riyal 3.75. Tun 1986 haka yake, bai motsa ba. Wallahi duk sanda na gan shi sai raina ya sosu.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala tana wajen naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ku raba da 3.75: riyal ɗin da bai kai naira 125 ba ya koma 400. Shi ya sa kujerar Hajji ta gagari mutane. Mu da ke turo kuɗi gida ana ganin kakarmu ta yanke saƙa, alhali abin da ya ƙaru kuɗin buhun shinkafa ne ke lashe shi.

Maganin da Cardoso, gwamnan Babban Bankin, ya kawo shi ne ƙara kuɗin ruwa. Daga kashi 18.75 ya yi ta hawa har 27.5 a Nuwamban 2024. Aka kuma tilasta wa bankuna ajiye rabin kuɗin masu ajiya a Babban Banki, ba su da ikon ba da shi rance. Manufar ita ce naira ta yi ƙaranci a hannu, masu rububin dala su ragu. Naira ta ɗan natsu kam, wannan ba na musu.

Amma je ka kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Ragon da ya ƙetaro daga Nijar da sefa aka sayo shi, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, kamar yadda riyal ke ɗaure da dala. Dillali sai ya lissafa canjin jakar sefa kafin ya sallama maka.

To Alhaji, kai da ke shirin cin bashin banki ka sayi masara a Dandume ka kimshe a sito, tsaya. Banki ba zai ba ka a kan kuɗin ruwan da Babban Banki ya yanka ba, sai ya ɗora nasa. A ce kashi 30 ne: miliyan ɗaya, dubu 300 a shekara, ban da hayar sito da maganin ƙwari da ladan 'yan dako. Waɗanda suka ɓoye hatsi a ƙarshen 2024 sun ji a jikinsu, don a 2025 farashi ya karye, taki kuwa bai sauko ba. Ko bankin da ba ya harka da ruwa ka je, ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya da ranar biyan kowane kaso, ka kai wa wanda ya iya lissafi ya duba kafin ka sa hannu.