Gari yana girma, gonaki suna ƙarewa: a ina za a ja layi?

To jama'a, mu fara da lissafi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2018 kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke zaune, zuwa 2050 kuma ana hasashen kashi 68. Mutanen nan dole su samu wurin kwana, wannan ba abin musu ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, galibin garuruwa tun asali a kan ƙasa mai kyau aka kafa su, kusa da ruwa, ba tudu ba kwari, to kun ga gonar da ta fi albarka ita ce mai yanka fuloti ya fi sa wa ido, kuma da an zuba siminti shi ke nan, ba ta sake komawa gona.

Wasu sun ce a ja layi. Jihar Oregon a Amurka ta yi doka a 1973, zamanin gwamna Tom McCall, kowane gari ya shata iyakar da gini zai tsaya, bayanta noma da daji. Amma ku lura da kyau, dokar ta ce a bar filin da zai ishi garin shekara 20 a cikin layin. Landan ma an kewaye ta da filayen da aka hana gini, sai dai har gobe ana ta cacar baki a kan tsadar gidaje, don in ka hana gari faɗi kuma ka hana shi hawa sama, talaka mai haya ne zai sha wuya.

Ni abin da ya fi damuna manomi ne. An ce masa kar ya sayar wa magina, alhali maƙwabcinsa da ya faɗa cikin layi ya yi kuɗi dare ɗaya, ina adalci a nan? Gundumar Montgomery a jihar Maryland ta nemo mafita a 1980, ta ware wajen eka 93,000 don noma, gida ɗaya kawai a duk eka 25, sannan aka ba mai gona damar sayar da haƙƙinsa na gini. Magini ya saya, ya je ya ƙara yawan gidaje a unguwar da hukuma ta ware, inda akwai titi da ruwan famfo, manomi ya karɓi kuɗinsa kuma gonar tana hannunsa yana nomawa. Matsalar dai ita ce, in mutanen waccan unguwar suka matsa wa hukuma har aka fasa ƙara musu gidaje, to haƙƙin ba mai saye.