Ramin da Yaron Nan Ya Ɗebi Ruwa a Hamadar Indiya Ba Rijiya Ba Ne

[Tudun rairayi, raƙuma a jere]

Bidiyon nan na wani yaro ne da ya baƙunci wani gida a hamada, mutane suna ta muhawara a kansa. Masu rantsuwa cewa nan Agadez ce, ku yi haƙuri. Hamadar Thar ce, a jihar Rajasthan ta Indiya, dab da iyakar Pakistan. Wancan birni mai ruwan zinariya Jaisalmer ne, an kafa shi tun 1156. Ga yaron namu an naɗa masa rawani, ga shi bisa raƙumi yana ta ƙanƙame sirdi. Mu wuce.

[A tsayar da hoton nan]

Nan ne aka yi ta cece-kuce. Uwar gida ta miƙa masa ruwa ɗan kaɗan a moɗa, ta kuma goge kwanukan abinci da yashi. Sai mutane suka ce rowa ce, wasu suka ce ƙazanta: ga rijiya a tsakar gida, me zai hana a yi wadaƙa?

To ku duba bakin ramin da kyau. Murfin ƙarfe ne da kwaɗo. Sunan irin wannan rami tanka. Ɗaki ne aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, aka shafe cikinsa da farar ƙasa ko siminti don kada ya tsotse. Babu idon ruwa a ƙasansa. Rijiya in ka ɗiba ka kwana, da safe ta kawo. Tanka kuwa duk gugan da ya fita ya fita ke nan, sai wata damina.

Daminar ma fa gajeriya ce, daga Yuli zuwa Satumba, kuma a yankin Jaisalmer ruwan shekara guda bai cika wuce milimita 200 ba. Ruwan farko ba a tara shi, ana barinsa ya wanke rufi da indararo. Na bayansa ake juyawa cikin ramin. Me ya sa ba su haƙa rijiya ba? A wurare da yawa ruwan ƙasa yana da nisa, in ma an cim masa zartsi ne, ba ya shawuwa.

Saboda haka moɗar nan da aka ba baƙo, daga rabon 'ya'yan gidan aka cire ta. Ni dai a ganina karamci ne babba. Yashin kuwa, kakanninmu ma da shi da toka suke dirje tukunya.

[Murhu, ana gasa waina a kan tanda]

Abin da ake gasa masa ɗin nan suna kiransa bajra roti. Gero ne, irin namu na fura. Asalinsa daga yankin Sahel ne, ya isa Indiya shekaru dubbai da suka wuce.

[Magudanar ruwa, daga sama]

Yanzu akwai babbar magudanar Indira Gandhi mai jawo ruwa daga kogunan Punjab. Ta sauya garuruwa da dama, amma ƙauyukan da ba ta kai gare su ba har yau da tanka suke shan ruwa.