Me Ake Sayarwa a Tarurrukan Koyar da Sirrin Nasara?

Duk mai bin titunan Garwa, Marwa ko Ngaundere a arewacin Kamaru ya saba ganin wani irin allon talla: mutum cikin kwat, ya harɗe hannu a ƙirji yana murmushi, an rubuta da Faransanci cewa ranar Asabar zai koyar da sirrin nasara a zauren wani otel. Kuɗin shiga ana tura shi ta waya, kujerun gaba sun fi tsada, kuma akwai takardar shaida ga wanda ya zauna har ƙarshe. Masu kallo, yau za mu duba abin da mutum yake saya idan ya biya wannan kuɗi.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A 1912 Dale Carnegie ya fara koyar da iya magana a bainar jama'a a birnin New York, littafinsa da ya yi fice kuma ya fito a 1936, lokacin da karayar tattalin arziki ta bar miliyoyin Amurkawa ba aikin yi. Kasuwar irin wannan koyarwa takan buɗe ne sa'ad da ƙofofin aiki suka rufe. A nan Arewa, Jami'ar Ngaundere tana yaye ɗalibai tun shekarun 1990, ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa a 2022, alhali guraben da ake fafatawa a kansu a jarrabawar shiga aikin gwamnati ba su taka kara sun karya ba. Saurayin da ya ajiye digiri a akwati ya hau babur yana ɗaukar fasinja, idan aka ce masa matsalar tana cikin tunaninsa ne, maganar za ta yi masa daɗi, domin tunani shi kaɗai ne abin da zai iya gyarawa ba tare da jari ko uwa a gindin murhu ba.

A cikin zauren ana sa kiɗa, a ce kowa ya miƙe, ya rufe ido, ya hango kansa cikin gida da mota. Mutum yakan fito jikinsa na rawa, ranar Litinin kuwa ya tarar da kuɗin haya yana jiransa. Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana nazarin wannan, ta kuma gano cewa masu nutsewa cikin mafarkin nasara sukan rage ƙoƙari, saboda zuciya ta riga ta ɗanɗani daɗin abin da ba a samu ba. Waɗanda suka haɗa burin da lissafin cikas ɗin da ke gabansu su ne suka fi motsawa.

Akwai kuma batun inda mai jawabin yake samun nasa kuɗin. Wani taron farko araha ne, sai a ƙarshe a tallata horo na musamman mai tsada, ko a ce ka sayi kaya ka kawo mutum biyu, su ma su kawo nasu. 'Yan Kamaru ba su manta da ƙungiyar MIDA ba, wadda ta tara dubban matasa a Yawunde da sunan horo da alkawarin ninka musu kuɗi, har hukuma ta rufe ta a 2018.

Duk da haka, zalunci ne a ce gyaran hali ba ya tasiri. A birnin Lome na ƙasar Togo, masu bincike tare da Bankin Duniya sun bi ƙananan 'yan kasuwa kusan 1,500, aka wallafa sakamakon a 2017. Waɗanda aka horar kan fara abu da kansu, da neman sabuwar hanya, da jure cikas, ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a shekara biyu idan aka kwatanta da waɗanda ba a horar ba, ƙarin da ya fi na waɗanda aka koya wa darasin kasuwanci na yau da kullum. Sai dai horon nan ba na yamma ɗaya ba ne. Sa'o'i 36 aka yi a aji cikin makonni huɗu, kowa yana aiki a kan sana'ar da ke hannunsa, sannan malamin ya riƙa zuwa wurin sana'ar kowannensu sau ɗaya a wata har wata huɗu, yana duba abin da aka aiwatar.