Amsoshin Tambayoyinku: Shin darasi a aji zai hana matasa satar fasaha?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun yau duk a kan abu ɗaya suka taru, wato satar fasaha ta waya da intanet.

Ta farko daga wani malamin sakandare ce a Gusau. Ya ce shugaban makarantarsu ya ɗora masa aikin yi wa 'yan aji huɗu zuwa shida bayani a kan satar fasaha, amma shi yana ganin ɓata lokaci ne, don da an tashi za ka tarar da yaran a gindin bishiya sun haɗa kai suna tura wa juna fim ta Xender. Tambayarsa: an taɓa gwada irin wannan darasi a wani wuri, kuma ya yi aiki?

Malam, an gwada, kuma ba yau aka fara ba. A Amurka a 2003, ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta MPAA ta zuba kuɗi aka shirya darasi, wata ƙungiya mai suna Junior Achievement ta riƙa shiga da shi azuzuwa. Saƙon a taƙaice shi ne, duk abin da ba ka biya ba, sata ka yi. Malamai da masana shari'a suka yi masa ca, domin ya tsallake wuraren da ita kanta dokar ta yarda a ɗan yi amfani da aikin wani, kamar wajen koyarwa ko nazari. A Kanada ma, a 2006, hukumar Access Copyright mai karɓa wa marubuta haƙƙinsu ta ƙirƙiro wani jarumin zane don yara, Captain Copyright. Sukar da aka yi masa ta yi yawa, a 2007 aka janye shi.

Waɗanda suka yi zamanin faifan DVD za su tuna wata sanarwa da aka fara sakawa a 2004 kafin fim ya fara, tana kwatanta sauke fim da satar mota ko jakar hannu. Matasa suka mai da ita abin barkwanci. Kuma dalilin a fili yake. Yaro ya san idan ya ɗauke mota, mai ita zai wayi gari ba mota. Idan kuwa ya tura fim, na abokinsa yana nan daram a wayarsa. Ranar da ka ce masa duka ɗaya ne, ranar ya daina saurarar sauran maganarka, har da wadda take gaskiya.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Portsmouth ta Ingila sun gwada saƙonni iri-iri a kan mutane. Saƙon barazana da hukunci ya sa mata sun ce za su rage, maza kuwa sai niyyarsu ta ƙaru. Saƙon lallashi da wayar da kai bai kawo wani sauyi na a zo a gani ba. Manya aka yi wa wannan gwaji, amma wanda ya taɓa tsayawa gaban ajin samari ba zai yi mamaki ba.

To me ya rage abin a inda ya ragu? Ofishin kare haƙƙin fasaha na Tarayyar Turai, EUIPO, yana tambayar 'yan shekara 15 zuwa 24 lokaci-lokaci. A 2016 kashi 40 cikin ɗari ne suka ce ba su taɓa haramtattun shafuka ba cikin shekara guda kafin a tambaye su. A 2022 sun kai kashi 60. Masu yi da gangan kuma, babban dalilin da suke bayarwa shi ne tsada. Tsakanin waɗannan shekaru ne manhajojin sauraron waƙa da kallon fim ta hanyar halak irin su Spotify da Netflix suka zama ruwan dare a can. A ganina sauƙin hanyar halak ne ya yi yawancin aikin, darasi ya biyo baya.

Duk da haka, Malam, kada ka ƙi aikin. Sauya masa fasali kawai. Ajiye wa'azin, ka sa kowane yaro ya rubuta gajeren labari ko baitin waƙa, ko ya yi zane. Washegari ka karanta na wani a gaban aji da sunan wani daban, ka ga yadda mai abin zai miƙe tsaye yana rantsuwa nasa ne. Daga nan ka ɗauko zancen. Sannan ku hau allo ku yi lissafin fim ɗaya tare: kuɗin kyamara, man janareta, abincin ma'aikata, sallamar mai riƙe fitila. Yara sun san jarumi, ba su san mai riƙe fitila ba. Ka kuma gaya musu abin da ya shafi aljihunsu, cewa manhajojin bogi na kallon ƙwallo kyauta sukan zo da ƙwayar cutar da ke kwashe lambobin sirri daga waya. Wannan kan shiga kunne da wuri.

Wasiƙa ta biyu daga wata marubuciya ce a Kano, cikin masu sayar da littafi ta WhatsApp. Ta ce sai ta kwana tana taifin, masu karatu su biya ta sa su a guruf, kafin azahar shafin ya zagaye gurufan kyauta, kuma ta lura yawancin masu fitarwar 'yan mata ne 'yan makaranta. Doka ta san da zamanta kuwa?

Ta sani, Malama. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Rubutunki yana samun kariya tun daga lokacin da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba, kodayake yin rajistar a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa zai ba ki hujja a hannu. Dokar ta kuma ba ki damar rubuta wa mai shafin intanet ya cire aikinki daga shafinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne rufaffen guruf, wanda ba mai ganin cikinsa sai 'yan ciki. 'Yan fim sun riga ki ɗanɗana wannan. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe bayan da shagunan masu tura fim a memori suka cika unguwanni, shi ya sa da yawa suka koma dogon zango a YouTube, kallo kyauta, kuɗi daga talla. Idan makarantar unguwarku za ta ba ki minti ashirin, ki je da kanki. Yarinyar da ta ga fuskar mai littafin ta fi jin nauyin fitar da shi.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani ɗalibi a Damagaram. Ya ce ai ilimi ba a ɓoye shi, to ina laifin tura littafi?

Ɗana, manyan malamai sun zauna a kan wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Akwai littattafan da masu su suka yi waƙafinsu, za ka ga an rubuta a bango cewa ba na sayarwa ba ne, ko an yarda a yaɗa. Waɗannan tura su ka samu lada. Wanda ba a rubuta haka ba, ka nemi izinin mai shi tukuna.

Lokaci ya cimmana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.