Ka tura gyara, me ya sa bai fito ba?

Jama'a, barkanmu da warhaka. A ce kana zaune a Kubwa, kana bin jagorar wata manhaja. Ka kwafi umarni ka liƙa, kwamfuta ta ƙi. Da ka duba da kyau, ashe harafi ɗaya ne ya faɗi a jagorar. Ka gyara, ka tura wa masu aikin. Shiru. To ina gyaran ya maƙale?

Yana layi ne.

A Wikipedia, yawanci da ka adana gyara kowa zai gan shi, dubawa sai daga baya. Manyan ayyukan da ke GitHub kuwa, wato dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, sai an duba sannan a saki. Jagorar MDN ta Mozilla, wadda masu gina shafukan intanet ke amfani da ita, ita ma a da irin tsarin Wikipedia take bi, sai a ƙarshen 2020 ta koma GitHub, kuma tun lokacin kowane gyara sai ya bi ta hannun wani.

Na'ura ce ke fara tarbarka. Ta gwada ko shafin zai ginu, ko wani mahaɗi ya karye. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Wajen mutane ne ake daɗewa. Mu ɗauki Kubernetes, manhajar da Google ya fitar a 2014. A can akwai fayil mai suna OWNERS da ke ɗauke da sunaye kashi biyu: masu dubawa da masu amincewa. Mai dubawa zai bi rubutun layi-layi, ya ga ko abin da ka faɗa haka yake. In ya gamsu, ya rubuta /lgtm, wato ya yi masa daidai. Mai amincewa kuma damuwarsa daban ce: shin nan ne wurin wannan bayani? Bai ci karo da wani shafi ba? Shi zai rubuta /approve. Sai biyun sun haɗu na'ura ke shigar da gyaran. Ku lura da wannan: in ka sake taɓa rubutun bayan an duba, ko da waƙafi ne, alamar mai dubawa za ta goge, sai ya sake gani.

GitHub kuma ba ya barin mutum ya amince da aikin da shi ya turo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne, amma a rubutu ba koyaushe ba. Idon marubuci abin da ya yi niyya yake karantawa, ba abin da ya buga ba.

A ganina nan ne ƙananan ƙungiyoyinmu na masu manhaja a Abuja suka fi samun tangarɗa. Dokar tana nan a rubuce, amma kara ta hana a bi ta. Yaro ya ga sunan babban yaya, sai ya danna amincewa ko gwada umarnin bai yi ba. "Ai Oga ne ya rubuta." Gobe wata ɗaliba a Gwagwalada ta ƙone datarta tana neman laifi a kwamfutarta.

In kana son naka ya wuce da sauri, turo shi ƙarami, batu ɗaya, da bayanin dalili. Yawancin masu dubawan nan aikin sa kai suke yi, wasu ma suna barci lokacin da kake jira. In an kwana biyu ba amsa, tuna musu cikin ladabi a ƙarƙashin wanda ka riga ka tura, kada ka buɗe sabo.